Yaron nan mai malafa da ke mai da liƙi

Mai Caji Bakin Kasuwa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana a kan yaron nan mai malafa da ke waƙar rap a nan Maraɗi, kuma ina roƙon a yi ta cikin natsuwa, don tun jiya da bidiyonsa ya zagaya na ga an fara kiransa mahaukaci.

Sana'ata caji da tura waƙa a waya, shekara tara ke nan a rumfa ɗaya. Ba sai rediyo ta gaya mini wanda ke tashe ba, katin waya ke gaya mini. A da, in mutum ya miƙo kati, waƙoƙin Kano zai ce, na fim ko na biki, ko wa'azi, jefi-jefi a nemi na 'yan Yamai. Tun bayan ƙaramar salla abin ya sauya. Juma'ar da ta wuce, kasuwa na ci, wani dattijo da ya kawo awaki daga wajen Tibiri ya miƙo mini 'yar wayarsa mai madannai, ya ce in sa masa yaron da ke waƙa bisa lugude. Bai san sunansa ba, bai taɓa jin kalmar rap ba. A wajen wani jikansa ya ji waƙar tsadar tiyar hatsi, ya ce yaron ya faɗi abin da ke ransa. Da na sa masa, bai tafi ba, ya tsaya nan bakin rumfa da igiyar akuya a hannu har waƙar ta ƙare.

Ga wanda bai gan shi ba: malafa yake sawa irin ta manoma, da walkin fatar jar akuya a kan wando, ƙafa ba takalmi. Ba ya hawa dandamali, amalanke yake hawa. Kiɗan kuma ba daga kwamfuta ya fito ba. Gidajen da mata ke daka yake bi, ya ɗauki ƙarar turmi da tafin da suke yi tsakanin jefa taɓarya da cafe ta, ya ɗora gurumi a kai, sannan ya zubo magana kamar ruwan Agusta. Kuma in an yi masa liƙi, tattarawa yake ya mayar.

Ni dai a ganina Maraɗi ta daɗe ba ta fitar da irinsa ba, kuma in muka yi sake wasu za su ɗauke shi. Ku me kuka gani?

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Yaron ga lahiya tai lau. Sau biyu ina ɗaukar shi bisa moto. Ran nan daga Sura Bildi na ɗauko shi, muna wucewa ta maƙera ya taɓa min kahwaɗa ya ce in tsaya. Ya hiddo waya ya duƙa kusa da uwar maƙera, ya ɗauki ƙarar masaba wajen minti ashirin. Na zaci lokacina ya tahi banza, sai ga shi ya biya ni har kuɗin tsayuwa, ban tambaya ba. Mahaukaci ba ya lissahin haƙƙin mutane haka.

Hajiya ta Zariya:
Ɗana mai caji, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni ban ce mahaukaci ne ba, amma ba shi da ladabi, kuma da idona na gani. Bikin ɗiyar ƙanwata aka yi, samarin ango suka gayyato shi. Uwar ango, mace mai jikoki, ta taso cikin jama'a ta liƙa masa jika biyar a goshi don farin cikin ɗanta. Yaron nan ya tsai da kiɗa, ya tsince kuɗin daga ƙasa, ya bi ta har kujera ya ajiye mata a cinya. Wuri ya yi tsit. Baiwar Allah nan ba ta ƙara ɗaga kai ba har aka watse, washegari ko wajen buɗar kai ba ta zo ba. Mu a nan an san yaba kyauta tukwici. In ba ya so, ya karɓa ya ba almajirai a waje, wa zai hana shi? Amma a mai da wa babba kyautarta a gaban surukanta, wannan cin fuska ne, ko da muryar zinariya yake waƙa.

Mai Caji Bakin Kasuwa:
Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Ban san da wannan ba, kuma ba zan kare shi a kai ba.

Jikan Makaɗa:
Hajiya ta hwaɗi rabin abin da ke bakina. Ni gidan kiɗa na tashi. Kakana kalangu ya kaɗa ma mahauta, ubana ya bi 'yan kokowa gari-gari, ni ma na riƙe gurumi tun ban kai kaciya ba, ko da yake yanzu gyaran rediyo nika yi. Liƙin da yaron ga ke rainawa, shi ya ciyar da mu. Makaɗi ba shi da albashi. Jama'a ke biyan shi a bainar jama'a, kowa na gani, shi kuma ya adana sunan mutum da na iyayenshi cikin waƙa. Ciniki ne mai mutunci ga kowane ɓangare. In ɗan haye ya zo ya ɗauki kayan sana'armu, ya sa walki, sannan ya nuna ma duniya kuɗin makaɗa ƙazanta ne, to mu mi ya maishe mu?

Sannan masu cewa gambara ce yake yi, ku bi a hankali. Na ga 'yan gambara na gaske ina yaro. Kasuwa-kasuwa suka bi, mutum biyu ko ukku, ɗaya na jehwa magana ɗaya na cahewa, ga zambo ga habaici ga batsa, ba su jin kunyar kowa. Wani ya ba su kuɗi don su ci gaba, wani ya ba su don su rabu da shi. Saurin baki da ƙahiyar da yaron ga ke yi, e, akwai jinin gambara ciki, ban musa ba. Amma ɗan gambara da kuɗin hannun mutane ya rayu. Wanda ba ya karɓa ba ɗan gambara ba ne, wani abu ne daban, sai ku nemo mishi suna.

Gurumin nashi kuma tsirkiya ɗaya ba ta zauna daidai ba. Duk waƙoƙin ukku da na ji, haka take kuka.

Mushe Mai Ritaya:
Na karanta duka, kuma na ji daɗin yadda ake maganar ba zagi. Bari tsoho ya sa baki.

Shekara 34 na yi ina koyarwa, kuma abin da ake faɗa a kan yaron nan na sha jin irinsa. Zamanin Samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa na da ƙungiyar wasa da waƙa, ana gasa har matakin ƙasa. A nan ne 'ya'yan da ba su gaji kiɗa ba suka fara riƙe ganga ba tare da an kore su daga gida ba. Ɗana Jikan Makaɗa, maganar gado da haye tun lokacin ta fara sassautawa. Marigayi Mamman Barka malamin makaranta ne kamar ni kafin duniya ta san shi da gurumi, daga baya ya je yankin tafkin Chadi ya koyo kiɗan biram, wani tsohon kayan kiɗa mai tsirkiya, ya kai ta har Turai. Ya rasu a 2018. Marigayi Sa'adu Bori kuma, da ya ɗauko waƙoƙin bori ya haɗa da jita da ganga ta zamani, ba irin sunan da ba a kira shi ba a garin nan. Da ya rasu a hatsarin mota a 2008, waɗanda suka zage shi na cikin masu cewa an yi rashi.

Shi rap ɗin, a unguwar Bronx ta birnin New York ya tashi, ana ƙirga farkonsa daga 1973, wurin baƙaƙen fatar Amurka da 'yan asalin Jamaika. Ya iso mana sosai a ƙarshen shekarun 1990, ta Yamai. Ɗalibaina na lise a lokacin ba su da magana sai ta ƙungiyoyin rap irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass-Wong. Yaran ƙungiyoyin nan sun yi ƙoƙari, sun yi waƙa da Faransanci da Zabarmanci da Hausa, sun taɓo cin hanci da sida da auren dole a lokacin da manya ke jin nauyin faɗa. Amma shigarsu ta Amurka ce, wando har ƙasa, hula a juye, kiɗan ma daga can aka kwaikwayo. Iyaye suka kalli tufafin, ba su saurari maganar ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya ja hankalina ga wannan yaron shi ne dattijon Tibiri da mai caji ya ambata. A shekara 25 da na yi ina jin rap a ƙasar nan, ban taɓa ganin manomi mai furfura ya nemi a sa masa shi da bakinsa ba. Turmi ne ya buɗe masa kunne, don sautin da ya tashi da shi ne tun yana goye.

Game da uwar ango kuwa, yaron ya yi kuskure. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Ɗaliba a Dan Dicko:
Baba Mushe, na gode da tarihin. Akwai abin da har yanzu ba wanda ya tambaya, kuma shi ya fi damuna. Matan da ke lugude a cikin waƙoƙin nan su wane ne? Kowa na cewa yaron ya ƙirƙiro sabon kiɗa. Ba shi ya ƙirƙiro lugude ba. Iyayenmu mata suka ƙirƙiro shi, da hannuwansu masu kanta, kuma a waƙar tiya ana jin muryar wata tana rera waƙar daka a bayansa, ita ce ma ke riƙe da waƙar gaba ɗaya. An tambaye ta? Mijinta ya san muryarta na yawo a TikTok? In gobe wani kamfanin waya ya sayi waƙar don talla, nawa ne nata?

Ina son waƙoƙinsa, kar a fahimce ni a baibai. Wadda ya yi a kan yarinyar da aka cire daga aji biyar aka kai ɗaki, a ɗakin kwananmu na jami'a sai da wata ta fita waje don kuka, labarin yayarta ne sak. Tun mawaƙiya Zara Moussa ban ji wanda ya faɗi wannan magana a rap ba tare da ta yi kama da taken wata ƙungiyar agaji ba. Shi ya sa nake so ya zama mai tsabta ta kowane gefe.

Malam na Limanci:
Assalamu alaikum. Matsayina a kan kayan kiɗa sananne ne ga waɗanda ke zama karatu da ni, ba zan maimaita shi a nan ba, kuma na san malamai sun yi saɓani. Abu biyu kawai zan faɗa. Na farko, adalci ya sa in ce waƙar da ya yi a kan tramol ta shiga inda wa'azinmu bai shiga ba. Wani yaro a unguwarmu da na yi shekara biyu ina bi, da kansa ya zo ya ce mini waƙar ta sa ya ji kunyar kansa. Na biyu, wasan da ya yi a bakin gulbi ya kai har bayan magariba, maza da mata a cakuɗe, ba wanda ya tsaya salla. Duk mai kusanci da shi ya gaya masa ya gyara lokaci, ya raba wurin tsayuwa. Garin nan ba ya ɗaukar irin wannan da sauƙi, waɗanda suka ga tarzomar addini ta Nuwamban 2000 sun san abin da nake nufi. Ba na so a kai ga abin da za a yi da-na-sani.

Ɗan Kabu-kabu:
Malam gaskiya ne, ina wurin. Amma ba laihinshi ba ne shi kaɗai, janareto ne ya ƙi tashi sai wajen shidda.

Bamaraɗe a Yamai:
Ni aikina haɗa sauti a sitidiyo, shekara 11 a nan Yamai, amma a Mokoyo aka yanke mini cibiya. An turo mini waƙoƙin, na saurare su da kunnen sana'a.

Yaron na da abin da ba a koyarwa. Lugude ba ya tafiya daidai kamar agogo, mata na ƙara sauri in hannu ya yi zafi, su sassauta in za su juya hatsi. Mawaƙin da ya saba da kiɗan kwamfuta zai faɗi a nan take. Shi kuwa yana bin su, numfashinsa na sauka daidai inda taɓarya ke sauka. Na mayar da wani wuri sau biyar don in gane yadda ya yi.

Amma ɗaukar ba ta da kyau. A ƙaramar waya tana da daɗi, in ka sa ta a manyan lasifika sai ƙarar turmin ta fashe, gurumin ya ɓace. Ba gidan rediyon da zai sa ta haka a Yamai, balle a kai ta gasa irin ta Dan Gourmou. Yana buƙatar makirufo na kirki da wanda ya san aiki, a je har tsakar gidan a ɗauka, kar a kawo matan sitidiyo, don turmi a kan siminti da turmi a kan ƙasa ba sautinsu ɗaya ba. Sannan ya je ya yi rajistar waƙoƙinsa a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, tun kafin wani a Kano ko Kaduna ya ɗauki salon ya sa masa suna. Can kasuwar ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, ku dubi inda su ClassiQ da DJ AB suka kai rap na Hausa. In suka ji wannan, wata uku ya isa.

Yanzu kai mai caji, da girmamawa. Ka ce kana tsoron wasu su ɗauke shi. Nawa kake karɓa in ka tura waƙarsa? Nawa ke isa hannunsa? Yaro ba ya karɓar liƙi, ba ya samun ko dala daga masu tura waƙa, YouTube kuma ba ta biyan wanda masu kallonsa dubu biyu ne kawai. Da me zai ci? Yunwa ce ke kai mawaƙanmu Yamai da Kano, ba son birni ba. Ni ma ita ta kawo ni.

Mai Caji Bakin Kasuwa:
Yaya, maganarka ta zauna mini a ƙirji. Dala ashirin nake karɓa a kan waƙa biyar, kuma ko tamma ba ta taɓa zuwa hannunsa ba. Haka muka tarar ana yi, ban taɓa tsayawa na yi tunani ba. Ku ba ni zuwa gobe, na san gidan da yake, zan je da kaina in kai masa duk abin da aka faɗa a nan.

Hajiya ta Zariya:
Ka fara da tawa.

Mai Caji Bakin Kasuwa:
Jama'a barkanmu da warhaka. Na je jiya bayan isha'i, na same shi a zaure yana ɗinke walkin da ya yage. Mun kai awa biyu. Ga abin da na samo, yadda na ji shi.

Lugude ba dabara ce ta a san shi ba. A 2023, da aka sa mana takunkumi Najeriya ta yanke wuta, ɗan sitidiyon da yake zuwa ya rufe, don mai shi ba ya iya sayen man janareto. Ni ma na tuna lokacin, da batirin mota na riƙa caji. Yana zaune gida ba abin yi, goggonsa da 'ya'yanta na daka, sai ya fara jera baitoci a kan turminsu. Goggon ce mai muryar da ɗaliba ta ji. Ta sani, mijinta ya rasu, kuma ita ke gaya masa in baiti bai zauna ba. Amma sauran gidajen da ya ɗauka daga baya, ya amsa cewa sallama kawai ya yi ya ce zai ɗauki sauti, bai bayyana musu inda zai kai ba. Da na karanta masa saƙonki ya yi shiru, sannan ya tambaye ni yadda ake rubuta sunan mutum a rajistar BNDA.

Maganar liƙi kuma, ya ce ba ƙyamar makaɗa yake ba. Wani mai kuɗi ne ya taɓa liƙa masa a farkon fitowarsa, washegari ya aiko a cire wani baiti da ya taɓa masu ɓoye hatsi, tunda ai ya ci kuɗinsa. Daga ranar ya yi alkawari ba ya ƙara karɓar kuɗin da ba a yi cinikinsa tun farko ba. Kuɗin ƙofa yana karɓa, kuɗin gayyata yana karɓa. Na ce masa uwar ango ba baiti ta zo saye ba, murnar ɗanta ta zo yi. Ya ce ya gane hakan tun a daren, kunya ce ta hana shi komawa.

Ni kuma daga yau duk waƙarsa da na tura, rabi nasa ne. Na yi magana da masu rumfa biyu na kusa da ni, ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce zai yi shawara.

Hajiya ta Zariya:
Kunya ba ta biyan bashi. Gidan yana nan Sabon Gari, bai tashi ba. Ya samo babba a danginsa su je tare, ya durƙusa ya ba ta haƙuri. In ya yi haka, ni da kaina zan gaya wa ƙanwata ta daina zancen.

Bamaraɗe a Yamai:
Ina zuwa gida hutun Maulidi. Zan taho da makirufo biyu da ƙaramar na'urar ɗauka. Kwana uku zan ba shi kyauta, da sharaɗin a fara zama da matan a gaya musu komai.

Ɗaliba a Dan Dicko:
Zan raka ku gidajen in ana so, sun fi sakin jiki da mace. Kuma a rubuta sunan goggo a kan waƙar tiya, ba a ƙasa da ƙananan baƙaƙe ba.

Jikan Makaɗa:
Batun mai kuɗin da ya aiko a cire baiti, ubana ma ya gamu da irin shi, ya kwana ukku bai ci tuwo da daɗi ba. Har yanzu ban yarda a mai da liƙi ba, akwai hanyar da makaɗi ke karɓa kuma bakinshi ya zauna nashi, ana koyon ta. Mai caji, ka ce mishi ya zo shagona ran Litinin bayan la'asar, in kasuwa ta lahwa. Ya taho da gurumin. Ina da tsirkiya, kuma jakin da ke ƙarƙashinta ne ya karkace, shi ya sa take kuka.